Yadda Ake Shirya Wa Ikilisiya Fita da Bas Zuwa Gidan Sarauta da Lambu a Ingila

Duk shekara, da zarar sanyi ya fara ja da baya, sai tambayar ta dawo. Shugabar zumuntar mata daga wannan gari, sakataren matasa daga wancan, kowa so yake a gaya masa yadda ake kwasar ikilisiya guda a bas, a kai su ɗaya daga cikin tsofaffin gidajen sarautar nan na ƙauyukan Ingila, su yini cikin lambu, a dawo da su ba wanda ya ɓata, ba a kuma bar ma'aji da bashi ba. Maimakon in yi ta amsawa ɗaya bayan ɗaya, ga matakan nan a jere.

Zan riƙa buga misali da ikilisiyar da za ta tashi daga Landan zuwa fadar Blenheim da ke Woodstock, kusa da Oxford. Wanda yake Manchester ko Sheffield sai ya sa Chatsworth a madadinta, tsarin ɗaya ne.

Abu biyu ke ɓata irin wannan fita: kuɗin da aka yi alkawari ba a biya ba, da agogo. Bas ɗin haya a ƙasar nan ba motar tasha ba ce da za ta jira sai ta cika. An biya ta ko da mutum goma ne a ciki, kuma lokacin tashinta a rubuce yake. Kusan duk abin da ke ƙasa daga nan ya samo tushe.

1. Izini da kwamiti

Ku fara wata uku kafin ranar. A kai maganar gaban Baba Fasto da dattawa, a samu amincewarsu a rubuce cikin bayanan taro, domin da sunan ikilisiya za a yi hayar mota, kuma inshorar ikilisiya ce za ta tsaya idan wani abu ya faru. A wurin taron nan ne za a tambaya ko majami'a za ta tallafa da wani abu, da kuma nawa.

Mutum huɗu sun isa kwamiti: jagoran tafiya, mai riƙe kuɗi, mai kula da yara, da mai kula da abinci. Jagora shi kaɗai ke magana da kamfanin bas da ofishin gidan sarautar. Idan mutum uku suna aika imel, kowa da adadin da ya faɗa, kamfanin zai riƙe wanda ya fi masa riba.

2. Tsayar da rana

Asabar ce ranar. Kada ku yarda da shawarar "mu tafi Lahadi bayan sujada". Kafin a yi albarka, a gaisa, a tattara yara, ƙarfe ɗaya ta wuce, ku isa can ana shirin rufe ƙofa.

Daga tsakiyar Mayu zuwa farkon Satumba ne lambuna suke kan ganiyarsu, rana kuma tana da tsawo. A watan Yuni sai bayan tara na dare take faɗuwa a Landan. Idan yara ne suka fi yawa, hutun makarantu na ƙarshen Yuli zuwa farkon Satumba ya fi sauƙi. Ku guji Asabar ɗin da Litinin ta hutun ƙasa ke biye da ita, wato farko da ƙarshen Mayu da ƙarshen Agusta, saboda cunkoson hanya.

Da yawa cikin 'yan'uwanmu ma'aikatan jinya ne ko masu kula da tsofaffi, kuma jadawalin aikinsu yana fitowa makonni kafin lokaci. In ba ku faɗi ranar da wuri ba, rabin zumuntar mata suna bakin aiki ranar.

Hattara: manyan gidajen nan suna ba da filayensu don bukukuwa. Blenheim tana karɓar baje-kolin furanni, da kiɗe-kiɗe, da gasar dawakai. A irin ranakun nan farashi kan canza, wani ɓangaren a rufe, hanyar shiga a cushe. Ku zaɓi rana biyu, ku tambayi ofishin ko akwai wani taro a cikinsu.

3. Zaɓen wuri

Kada tafiyar ta wuce awa biyu da rabi. Fiye da haka, a mota za ku yini.

Blenheim tana da abin da zai riƙe kowa. Dattawa za su zaga ɗakunan fada su ga inda aka haifi Winston Churchill, tsohon firayim ministan Birtaniya, a 1874, ga tafki da gada da fili mai faɗin eka kusan 2,000, ga ƙaramin jirgin ƙasa da ke kai yara can lambun da aka kewaye da katanga, inda akwai ɗakin malam-buɗe-littafi da shingen ɓuya. Waddesdon Manor, kusa da Aylesbury, ta fi ta kusa da arewacin Landan, tana da kejin tsuntsaye na tarihi da filin wasan yara, amma gidan a kan tudu yake, daga wurin ajiye motoci akan hau wata ƙaramar bas a haura, kuma a mafi yawan shekara ba a buɗewa Litinin da Talata. Chatsworth da ke Derbyshire tana da lambu mai eka 105 da gonar dabbobi ta yara. Leeds Castle kuwa a Kent take kusa da Maidstone, ba a garin Leeds ba, kada 'yan Yorkshire su ɗauka a bayan gidansu take.

Ku san waye ke riƙe da wurin. Waddesdon ta National Trust ce, ƙungiyar da ke kula da wuraren tarihi, saboda haka mai katin ƙungiyar ba zai biya kuɗin shiga ba. Blenheim da Chatsworth ba nata ba ne, katin ba ya aiki a can.

Kowane babban gida yana da ofishin da ke kula da masu zuwa a ƙungiyance. Ku rubuta musu, ku yi waɗannan tambayoyi a imel guda:

- Daga mutum nawa ake samun ragi? Yawanci daga 15 ne, wasu sai 20.
- Nawa ne tikitin gida da lambu, nawa ne na lambu kaɗai, kuma daga shekara nawa yaro ke biya?
- Jagora da direba suna shiga kyauta? Mai rakiyar naƙasasshe fa?
- Ina bas ke sauke mutane, kuma tafiyar minti nawa ce zuwa ƙofar gida?
- An yarda a zo da abinci, a ina ake ci, akwai rumfa idan ruwa ya sauko?
- Yaushe ne ranar ƙarshe ta faɗin adadi da biyan kuɗi?

Ku roƙe su su riƙe muku ranar na ɗan lokaci. In da hali, mutum biyu daga kwamiti su je da ƙaramar mota su taka wurin da ƙafarsu, su ga nisan banɗaki da wurin zama. Hoton intanet ba ya nuna tudu.

4. Hayar bas

Nan ne kuɗin yake, nan ne kuma aka fi yin kuskure.

Ku nemi farashi daga kamfani uku aƙalla, a rubuce. Ku ba kowanne bayani iri ɗaya: rana, adireshin majami'a da lambar unguwa, inda za a je, lokacin tashi, lokacin barin can, da yawan mutane. Manyan bas sukan zo da kujera 49, 53 ko 57, akwai matsakaita mai talatin da 'yan kai, akwai kuma mai 70. Mai 70 ɗin nan sau da yawa ta ɗaukar 'yan makaranta ce, kujeru biyar a jere, a matse. Iyayenmu mata ba za su gode muku ba.

Kamfanin da garejinsa ke kusa da ku ya fi araha, domin tafiyar da motar za ta yi fanko kafin ta iso ku ma ku ne za ku biya.

Sai a duba ko farashin ya haɗa da kuɗin fakin da na shiga gari, ko motar tana da na'urar sanyaya iska da banɗaki, da nawa ake ƙarawa kan kowace awa idan an makara. Idan akwai mai keken guragu wanda ba ya iya hawa matakala, ku faɗa tun yanzu. Bas mai na'urar ɗaga keke ba kowane kamfani ke da ita ba, kuma akan cire kujeru don a samar masa wuri, adadinku zai ragu.

Kowane kamfanin da ke ɗaukar fasinja don kuɗi dole ya mallaki lasisin sufuri. Ku nemi lambar lasisin, ku duba ta a shafin gwamnati na GOV.UK, ba a biyan komai. Wanda ya fara kame-kame kan wannan, ku rabu da shi komai arharsa.

Yanzu maganar agogon direba, wadda mutanenmu da yawa ba su sani ba. Doka ta ƙayyade masa tuƙin awa 9 a rana, kuma bayan awa huɗu da rabi yana tuƙi dole ya huta minti 45. Wannan ba zai dame ku ba a tafiyar Oxford. Abin da zai dame ku shi ne hutun awa 11 da ake so ya samu cikin kowace awa 24, ma'ana yininsa na aiki awa 13 ne, kuma ana fara ƙirgawa daga lokacin da ya kama aiki a gareji, ba daga ƙofar majami'arku ba. Idan ya fara ƙarfe 7 na safe, ƙarfe 8 na dare ya kamata ya ajiye mota. Akwai ɗan sassauci da doka ta ba shi a wasu ranaku, amma ba ku san ko ya riga ya cinye shi a makon ba. Na'urar da ke gaban motar tana rubuta kowane minti. Idan ya ce ƙarfe biyar za a tashi, ba taurin kai yake yi ba, kuma roƙon Baba Fasto ba zai canza lissafin na'ura ba.

Haka kuma kada ku dogara da lokacin da waya ta nuna muku. An sa wa manyan bas na'urar da ke hana su wuce kilomita 100 a awa, wato mil 62. Ku ƙara minti 30 a kan abin da taswira ta ce. Daga kudancin Landan zuwa Woodstock ta babbar hanyar M40, ku lissafa awa biyu zuwa biyu da rabi.

Hattara da ƙaramar bas ta aro. Wani ɗan'uwa zai taso ya ce a bar kashe kuɗi, shi zai tuƙa mai kujera 16. Wanda ya ci jarrabawar tuƙi daga 1 ga Janairun 1997 zuwa yau ba shi da izinin wannan kai tsaye, sai da sharuɗɗa: ya kai shekara 21, ya shekara biyu da lasisi, ba biyansa ake yi ba, nauyin motar bai wuce tan 3.5 ba. Idan kuma fasinjoji sun biya kuɗin mota, ikilisiya na buƙatar takardar izini da ake kira Section 19. In babu ita, inshora na iya zamewa ranar da ake buƙatarta.

5. Lissafin abin da kowa zai biya

Kada a sanar da farashi a majami'a sai farashin bas da na tikiti sun zo a rubuce. Abin da aka faɗa daga kan bagade ba ya janyuwa. In kun ce fam 30 sannan ya koma 45, sai an yi ta gunaguni har Kirsimeti.

Ga yadda ake lissafin. Alƙaluman nan na misali ne kawai, ku sa naku a gurbinsu. Mu ce bas mai kujera 49 ta kama fam 850. Kuskuren da kowa ke yi shi ne raba 850 gida 49, a samu fam 17 da 'yan kai. Motar ba za ta cika da masu biya ba. Ku raba gida 40, kowace kujera ta tashi fam 21.25. Mu ce tikitin babba 28, na yaro 14. Ku ƙara 1.25 na alherin da za a yi wa direba, da 2.50 na ko-ta-kwana. Babba ya tashi fam 53, yaro 39.

To ku dubi gidan da ke da uba da uwa da yara uku: fam 223, ban da abinci. Irin gidan nan ne aka fi so su zo, su ne kuma za su yi shiru su ƙi rubuta suna, su ce suna da wani uzuri. Saboda haka nake ganin fitar da ikilisiya ba ta sa hannu a cikinta ba, fitar masu hali ce kawai. Idan majami'a ta ɗauki fam 400 daga kuɗin bas, kowace kujera ta sauka da fam 10, gidan nan sun huta da 50. Wata hanyar ita ce a sayi tikitin lambu kaɗai inda ake sayar da shi daban. Yaro ɗan shekara shida ba ruwansa da hotunan kakannin wani a bango, fili yake so. A bar masu son shiga gida su ƙara nasu. Akan kuma samu masu hali da za su biya wa ɗalibi ko gwauruwa kujera, a yi shi tsakanin ma'aji da fasto, ba a sanarwa ba.

Jariri ma kujera ce. Ko da ba ya biyan kuɗin shiga, ku tambayi kamfanin yadda suke ƙirga shi, kada ku tashi da kai 51 a mota mai 49.

Ma'aji ya lura: kuɗin tikiti ba baiko ba ne, ba a neman Gift Aid a kansa, wato harajin da gwamnati ke mayar wa ƙungiyoyin agaji a kan kyautar da aka ba su. A rubuta shi a shafi daban.

6. Karɓar kuɗi

Suna a takarda ba kujera ba ne. Ranar sanarwa hannu sittin za su tashi, ranar biya a nemi rabinsu a rasa. Dokar ita ce wanda ya ba da kafin alƙalami shi ke da wuri, kuma kafin alƙalamin nan ya kai kuɗin kujerar bas, ba a mayar da shi sai in an samu wanda zai maye gurbin. A faɗi wannan a fili tun ranar farko, a rubuta a jikin fom.

Kuɗi ya shiga asusun ikilisiya, ba na wani mutum ba, kowa ya sa sunansa da kalmar "fita" a bayanin turawa. Wanda ya kawo tsaba a ba shi rasit nan take. Ku sa ranar rufewa mako guda kafin wadda gidan sarautar suka ba ku, domin dole a samu masu cewa "Mama, ki sa sunana, albashi na shigowa Juma'a."

Kada ku biya wa kamfanin bas kafin alƙalami sai mutum 30 sun biya nasu. In mako shida ya rage ba a kai haka ba, ku koma matsakaiciyar mota tun ana iya canzawa. Bayan mota ta cika, ku buɗe jerin masu jira.

7. Yara, tsofaffi da takardu

Fom ɗin kowa ya ƙunshi suna, lambar waya, lambar wanda za a kira a gida, ciwon da yake fama da shi, maganin da yake sha, da abincin da jikinsa ba ya karɓa. Jagora ne kaɗai ke riƙe waɗannan. Ba a zuba su a zauren WhatsApp.

Yaron da ya zo da iyayensa yana hannun iyayensa, a gaya musu haka baki da baki, don kada su ɗauka malaman makarantar Lahadi sun karɓe su. Yaron da ya zo ba iyaye sai da takardar amincewa mai sa hannu, kuma masu kula da shi su kasance waɗanda aka tantance ta DBS, hukumar da ke binciken tarihin laifin masu aiki da yara. Ƙungiyar kare yara ta NSPCC tana ba da shawarar babba ɗaya ga yara 6 'yan shekara 4 zuwa 8, ɗaya ga 8 'yan shekara 9 zuwa 12, ɗaya ga 10 'yan shekara 13 zuwa 18, kuma kada manya su gaza biyu komai ƙanƙantar rukunin. A fom ɗin ne kuma za a nemi izinin ɗaukar hoton yara.

A kira kamfanin inshorar majami'a a tabbatar fita waje tana ciki. Za su so ganin takardar da kuka lissafa haɗurra da matakan da kuka ɗauka: tafki, ɓatan yaro, faɗuwar tsoho, zafin rana. Shafi guda ya isa.

Yawancin gidajen nan suna ba da aron keken guragu, wasu har da mai batir, amma kaɗan ne, sai an kama tun kafin ranar.

8. Abinci

Abincin shagunan can yana da tsada, layin kuma dogo. Ku zo da naku idan an yarda. Abin da ya fi tafiya shi ne a raba tun daga gida, kowa da robarsa: dafa-duka da soyayyar kaza, ko masa, da cincin da lemo. Babbar tukunya da ludayi a tsakiyar ciyawa tana cin awa guda, tana kuma jawo hankalin ma'aikata.

Shinkafa ita ce mai haɗari. Ko dai a dafa ta da asuba a zuba a kula mai riƙe zafi, ko a dafa da dare a sanyaya da wuri a sa a firji, a ɗauko ta cikin kula da ƙanƙara. Wadda ta kwana a kan murhu sannan ta yi rabin yini a cikin but ɗin mota, ita ke kwantar da mutane ranar Lahadi. A ci abinci kafin ƙarfe ɗaya.

Hattara da gyaɗa. Yajin tsire, ƙuli-ƙuli da man gyaɗa suna cikin girkinmu ba ma ko tunawa, alhali cikin yaran da aka haifa a nan akwai waɗanda ɗan kaɗan zai kai su asibiti. A duba fom. In akwai ko da yaro ɗaya, a hana gyaɗa gaba ɗaya a tafiyar, iyayensa kuma su riƙe allurarsa ta gaggawa a jikinsu, ba a jakar da ke ƙarƙashin mota ba.

Ba a hura wuta, ba a gashi. Zoɓo kuma a sha shi a ƙasa. In ya zube a kujerar bas, kuɗin wanki zai cinye na ko-ta-kwananku. Ku zo da tabarmi, da 'yan kujerun naɗewa don tsofaffi, da manyan ledojin shara.

9. Makon ƙarshe

Ku ba gidan sarautar adadi na ƙarshe, ku biya. Ku kira kamfanin bas ku maimaita lokaci da wurin ɗauka, ku karɓi lambar da ake kira da sassafe. Ku tabbatar mota mai tsawon mita 12 za ta iya tsayawa a inda kuka ce. A Landan ba a tsayawa kan jan layi biyu, kuma lungun majami'u da yawa ba ya ɗaukar babbar mota.

Ranar Alhamis a duba hasashen hukumar yanayi ta Met Office a tura wa kowa saƙo guda: lokacin haɗuwa, rigar ruwa ko laima, rigar sanyi ko da ana rana, da takalmi mai faɗin ƙasa. A yi anko in ana so, hoton yana kyau, amma hanyoyin lambu tsakuwa ce da ciyawa, kuma gidaje da yawa ba sa barin takalmi mai tsinin dunduniya ya taka dandamalinsu.

10. Safiyar tafiya

In mota za ta tashi 8:30, ku ce a haɗu 8:00, kuma ku tashi 8:30 ɗin. Kada ku yi ƙaryar lokaci, mutane suna ganewa, shekara mai zuwa kuma su ƙara makara. A sanar tun Lahadin da ta gabata cewa wanda mota ta bari ya biyo jirgin ƙasa zuwa Oxford da kuɗinsa. Tikitin shiga gida yana da lokaci a jikinsa, in ya wuce ba lallai a ba ku wani ba. Jiran mutum biyu na iya jawo wa arba'in asarar abin da suka biya.

Jagora ya tsaya a ƙofa da jerin sunaye yana yi wa kowa alama. Kujerun gaba na tsofaffi ne da masu amai a mota. A yi addu'a kafin a tayar da inji. Daga shekara 14 zuwa sama doka ta wajabta ɗaura bel, yara kuma manya su ɗaura musu. A yi waƙa iya son rai, amma a zaune. Mai ba da waƙa ba ta tsayawa a tsakiyar mota tana tafiya.

Banɗakin bas na larura ne. In za a tsaya a hanya, akwai wurin hutawa a Beaconsfield da wani kusa da Oxford a kan M40. Minti 20, kuma a ƙirga kai kafin a tashi. Mutum biyu su ƙirga, kowa daban.

11. A cikin lambu

Kowa ya zauna a mota har jagora ya karɓo tikiti. Kafin a sauka a faɗi abu uku, a maimaita: wurin cin abinci da lokacinsa, wurin da mota za ta jira, da lokacin dawowa. In direba ya ce 5:00, ku ce wa jama'a 4:40. Kowa ya ɗauki hoton motar da lambarta, don bas goma na iya jeruwa masu kama ɗaya. Yara a ɗaura musu lambar jagora a hannu.

Mutum arba'in ba sa yawo tare. A kasu shida-shida ko takwas-takwas, kowane rukuni da mai agogo. Waya ba ta samun layi a wasu sassan filayen nan, kada ku dogara da "zan kira ka".

Masu shiga gida su fara da shi, tun ƙafa ba ta gaji ba. Akan hana shiga da babbar jakar goyo da keken jarirai, ba a taɓa kaya, ba a zama a kujerar da aka kewaye da igiya. A waje ba a tsinkar fure, ba a cire reshe don a je a dasa. Iyayenmu masu hannun shuka, da ku nake. A nuna wa yara ganyen nan mai ƙaiƙayi da ke bakin shinge, a hana su cin kowane ɗan itace, musamman jajayen nan na bishiyar shinge, guba ne. Inda tumaki ko barewa ke kiwo akwai kaska a doguwar ciyawa, a duba ƙafafun yara da yamma.

Ana son a yi ɗan zumunci, a karanta Zabura, a yi waƙa biyu. Ku tambayi ofishin tun a imel ɗin farko, ku nemi gefe nesa da jama'a. Ba lasifika, ba ganga, ba raba takardun bishara sai da izini. Wurin na masu shi ne, sauran baƙi ma sun biya.

In wani ya faɗi ko ya ji ciwo, a fara kiran ma'aikacin wurin, su suka san ƙofar da motar asibiti za ta shigo. Lambar gaggawa 999 ce, ta neman shawarar lafiya 111.

12. Komawa da rufe lissafi

Minti 30 kafin lokaci a tura matasa biyu shagon tsaraba, biyu banɗaki. Can ne masu makara suke. A kira suna ɗaya bayan ɗaya, kada a tambaya "kowa ya shigo?", domin wanda ba ya nan ba zai amsa ba. In saura minti 40 a isa, a sanar da iyayen da za su zo ɗaukar yara.

A bi kujeru da ledar shara, a duba saman kai da ƙarƙashin kujera, a miƙa wa direba ambulan ɗinsa a gaban jama'a. Jagora ba ya tafiya sai an ɗauki yaro na ƙarshe.

Cikin mako biyu ma'aji ya kawo lissafi a shafi ɗaya: abin da ya shigo, abin da ya fita, da rasit a maƙale. In an samu rara, dattawa su yanke ko a mayar ko a ajiye don baɗi, a faɗa a sanarwa. Fom ɗin da ke ɗauke da bayanan lafiya a yayyaga su. Sunan kamfanin bas, farashin da suka bayar, lokacin da tafiyar ta ci, da adadin waɗanda suka rubuta suna da na waɗanda suka biya, a sa su a fayil guda a ofishin majami'a don kwamitin da zai karɓa.